Kashedi Ga Masu Harbin Nama A Guje

Kaka ta wuce, an kai amfanin gona gida, ciyawa ta bushe, hunturu ya kankama. Wannan shi ne lokacin da masu sha'awar farauta su ke share bindigoginsu su nufi dawa. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a kan wata al'ada wadda ta ke neman zama ado wurin waɗansu ma'abota bindiga, watau a hango nama can nesa yana sheƙa gudu, a ɗaga bindiga a sakar masa harsashi, in an samu a yi ta fahariya, in ba a samu ba a ce Allah bai yi ba. Mu dai ra'ayinmu shi ne wannan al'ada mummuna ce, ya kamata a bar ta. Ga dalilanmu nan, mai karatu ya auna da hankalinsa.

A wani rani muna yawon duba makarantu, muka sauka a wani ƙauye da ke bakin daji. Da la'asar sai ga yara a guje, suna cewa ga gwanki can bakin rafi ya kasa tashi. Muka bi su tare da wani tsohon maharbi na garin. Muka tarar da shi kwance cikin taɓo, harsashi ya shiga ta cinya ya fasa masa ciki, mikin ya ruɓe, ƙuda sun rufe shi. Tsohon ya duba, ya ce wannan harbi ya kwana uku. Mutanen gari suka ce lalle haka ne, waɗansu baƙi sun zo da mota daga birni, da bindiga mai madubin hangen nesa, suka firgita garke, suka yi harbi huɗu ko biyar daga kan tudu, da ba su ga abin da ya faɗi ba sai suka shiga motarsu suka koma. Tsohon ya yanka gwankin don ya huta, amma ba wanda ya iya cin naman, aka bar wa ungulu. Muna komowa ya ce mana, "Malam, wanda ya yi wannan aiki bai san dawa ba. Da ya san ta, da ya taka ya je ya duba inda ya yi harbi."

Mu Koma Ga Allo

Yawancin masu karanta wannan jarida malaman makaranta ne da malaman ofis, mutanen da lissafi ba ya ba su tsoro. To, bari mu ɗauki alli mu yi lissafin abin.

Mu ɗauki misali da tsohuwar bindigar sojan Ingila mai lamba .303, wadda tsofaffin soja da 'yan sanda suka sani sarai. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa ta cikin jerin waɗanda aka hana farar hula riƙewa, mun kawo ta ne kawai domin an san lissafinta, kuma manyan bindigogin farauta ba su yi nisa da ita ba. Harsashinta yana fita daga baki da saurin ƙafa 2,440 a sakan guda. Wannan sauri ya ninka na ƙara fiye da sau biyu, shi ya sa nama ya kan sha harsashi tun bai ji ƙarar bindiga ba. Amma iska tana rage masa ƙarfi a hanya, saboda haka ya kan ɗauki kamar kashi 2 cikin 5 na sakan kafin ya ci yadi 300.

Mai karatu zai ce wannan ai ƙiftawar ido ce. Gaskiya ne, amma mu duba abin da barewa ta ke yi cikin ƙiftawar idon nan. In tana gudun mil 30 a awa, wanda bai kai iyakar ƙarfinta ba, tana cin ƙafa 44 ke nan a kowane sakan. Cikin kashi 2 cikin 5 na sakan ta ci kusan ƙafa 18. Watau mai son ya same ta a ƙirji sai ya auna wani wuri a fili, gabanta da tsawon jikinta huɗu ko biyar, ya harbi iska, da fatan ita da harsashi za su iso wurin tare.

To, a ce ya yi zaton gudun mil 25 ta ke yi, alhali kuwa 30 ne. Bambancin mil 5 ɗin nan ya kai ƙafa 7 da ɗoriya a sakan, watau kuskuren kusan ƙafa 3 a wurin da harsashi zai sauka. In barewa ce, ya same ta a ƙugu ko ya wuce ta baya. In gwanki ne, ya same shi a ciki ko a cinya, kamar wanda muka gani a bakin rafi. Makasar barewa, watau inda zuciya da huhu su ke, faɗinta bai fi inci 8 ba, kamar ƙaramin faifai. Mai harbi ba shi da damar kuskuren da ya wuce inci 4 gaba ko baya. In an yi lissafi, wannan yana nufin sai ya san gudun barewar daidai, kada ya kuskure da fiye da kamar rabin mil a awa. Wane ɗan Adam ne zai dubi dabba daga yadi 300 ya faɗi gudunta haka? Ko direba da ke cikin motarsa sai ya dubi agogon gudu kafin ya faɗi nasa.

Wannan fa abu guda ne kawai. Harsashi yana faɗuwa ƙasa tun daga sa'ad da ya bar bakin bindiga, kamar yadda dutse ya ke faɗuwa in an sake shi. Cikin wannan ɗan lokaci ya sauka fiye da ƙafa 2 da rabi. A kan gyara saiti domin wannan, amma sai an san nisa daidai. Wanda ya yi saitin yadi 300, alhali naman yana yadi 350, harsashinsa zai sauka ƙasa da inda ya auna da kamar inci 8, ya karya ƙafa maimakon ya huda ƙirji. Nama mai gudu kuwa nisansa yana sakewa a kowane taki. Sa'an nan ga iskar hunturu. In tana kaɗawa a gicciye da ƙarfin mil 10 a awa, za ta ture harsashin kamar inci 9 kafin ya kai. Kuma barewa ba ta gudu a miƙe kamar jirgin ƙasa bisa dogo. Tana tsalle, tana sauka, tana karkata dama da hauni, ƙirjinta yana sama yana ƙasa.

In nisa ya kai yadi 500, harsashi yana ɗaukar wajen kashi 3 cikin 4 na sakan. A wannan nisa ko nama mai tafiyar kiwo, mil 3 a awa, ya ci fiye da ƙafa 3 kafin harsashi ya iso. Wanda ke tsaye ma, in ya ɗaga ƙafa ya yi taki guda bayan an ja kunama, shi ke nan harbin ƙirji ya koma harbin tumbi. Saboda haka in ka ji mutum yana cewa ya kayar da barewa a guje daga kaza, ka tambaye shi harsashi nawa ya zubar kafin wannan, kuma ina sauran suka sauka.

Abin Da Ke Samun Naman Da Aka Raunata

Naman da aka samu a zuciya ko a huhu ba ya daɗewa, ya kan yi ɗan gudu kaɗan ya faɗi. Wanda aka samu a ciki kuwa yana iya yin tafiya mai nisa, ya shiga duhuwa ya kwanta, ya yini ya kwana yana fama kafin rai ya fita. Wanda aka karya wa muƙamuƙi ba ya iya kiwo ko shan ruwa, yunwa da ƙishirwa ne za su ƙarasa shi. Wanda aka karya wa ƙafa ya zama rabon kura. In mace ce mai shayarwa, ɗanta da ta ɓoye cikin ciyawa ya bi ta, domin daga nesa, kuma a guje, ba mai iya rarrabe mai goyo da wadda ba ta da shi.

Nisa kuma yana hana bin sawu. Wanda ya yi harbi daga taki arba'in ya ga inda naman ya ke tsaye, ya ga yadda ya zabura, ya je ya sami jini da gashi, ya san inda ya same shi. Wanda ya harba daga yadi 300 cikin garke mai gudu, kafin ya ƙetare kwari da ciyawa ya isa, ya manta ko wace bishiya ce, sawu kuma ya gauraye da na sauran garke. Da yawa ma ba su zuwa, da sun ga nama bai faɗi ba sai su ce sun kuskure.

Akwai kuma naman da ba ya mutuwa shi kaɗai. Hausawa ba su ce kwanton ɓauna a banza ba. Maharba sun daɗe da sanin halin ɓauna mai rauni, ta kan shige cikin sarƙaƙiya ta laɓe, ta jira mai bin sawunta. In wanda ya harbe ta ya shiga mota ya tafi, wa za ta samu? Sai makiyayi ko mai neman itace, wanda bai ji ba bai gani ba.

Ina Harsashin Ya Tafi?

Wannan ita ce maganar da ta fi damunmu. Harsashin babbar bindiga in an ɗaga bakinta yana iya tafiyar kusan mil 2. Ƙasarmu yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudun da zai tare harsashi a bayan nama, kuma da rani ƙasa ta yi tauri, harsashi yana iya dukanta ya tashi ya kama wata hanya. Mai harbin nama a tsaye yana da lokacin da zai dubi abin da ke bayansa. Mai bin nama a guje kuwa bakin bindigarsa yana share fili, idonsa na cikin madubi, ba ya ganin kome sai ɗan da'irar da naman ya ke ciki. A lokacin da ya ja kunama bai san abin da ya shigo bayan naman ba.

Dajinmu kuwa ba kango ba ne. Akwai Fulani da shanunsu, da mata masu itace, da masu ɗiban zuma, da masu sassaƙa turmi, da matafiya masu yanke hanya zuwa kasuwa, da yaran makarantunmu waɗanda ke bin zomo ran da ba karatu. Kowane Musulmi ya san nauyin kisan kuskure, akwai diyya, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere. Wane nama ne ya kai wannan tsada?

Abin Da Shari'a Ta Ce

Waɗanda suka zauna gaban malamai a zaure sun karanta babin farauta a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani. A can an bayyana cewa farauta domin bukata halal ce, amma farauta domin wasa makaruhi ce. Mutumin da ke da nama a gida, ya fita domin ya gwada iyakar nisan da bindigarsa za ta kai a jikin dabba mai rai, ya tambayi kansa ko a wane ɓangare ya faɗa. A cikin Sahihu Muslim akwai hani a kan mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Hadisi na 17 cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda yaranmu ke haddacewa, yana umurni da kyautatawa har a wajen kisa da yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. In an umurci mahauci da ya wasa wuƙarsa domin kada akuya ta wahala na ɗan lokaci, yaya hukuncin wanda ya bar gwanki kwana uku da fasasshen ciki?

Har ta wajen cin naman ma akwai magana. Malaman Malikiyya sun ce in maharbi ya yi sakaci wajen bin abin da ya harba, alhali da ya hanzarta da ya riske shi da rai ya yanka, to, ba a cinsa. Kuma an ruwaito a Muwaɗɗa cewa Imam Malik ya ƙi cin abin farautar da ya ɓace wa mai shi har ya kwana. Harbin nesa a guje shi ne ya fi kowane harbi jefa mutum cikin waɗannan matsaloli biyu. Ga shi an wahalar da dabba, ga shi nama ya koma abin shakka.

Yadda Iyayenmu Suka Yi

Gwanintar maharbin Hausa tun asali ita ce kusantar nama. Kowa ya san burtu, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi, su lulluɓa baƙin zane, su durƙusa suna tafiya suna sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su shiga kusa da garke. Su kan ɗebi ƙura su saki domin su ga inda iska ta nufa, sa'an nan su zagayo ta inda ba za ta kai wa nama warinsu ba. Su kan san mashaya, su san inda nama ke lasar kanwa, su san lokacin da ya ke fitowa. Mutum ya kan yi rabin yini yana sanɗa domin harbi guda. Kibiyarsu mai dafin kwankwani ba ta zuwa nesa, bindigar toka ma haka, saboda haka tilas su jira nama ya tsaya ya ba da gefe. In sun harba kuwa sai bin sawu, ba a komowa gida a bar abin da aka raunata a daji, wannan abin kunya ne a gaban Sarkin Baka.

Ba mu ce mutanen da ba su da laifi ba. Ƙunar daji domin a fitar da nama, da farautar gayya inda gari guda ke fita da karnuka da gora a kashe babba da ƙarami, sun yi ɓarna mai yawa, har yanzu kuma suna yi a inda ba a bari ba. Amma a kan maganar harbi sun fi mu gaskiya. Mai sabuwar bindiga ya sami abin da kakansa bai samu ba, watau ikon kashe nama nan take daga yadi 100 ba tare da ya wahala ba. Abin takaici ne a ce wannan alheri shi zai mayar hanyar ƙara wa dabba azaba.

Amsa Ga Masu Musu

Wani zai ce ai Turawa, waɗanda suka ƙera bindigogin, suna harbin nama a guje. Haka ne, amma mu duba yadda su ke yi. A wasannin Olimfik na London a 1908 an yi gasar harbin hoton barewa mai gudu, wani dattijo ɗan ƙasar Suwidin mai suna Oscar Swahn ya ci lambar zinariya yana da shekara 60. Nisan yadi 110 ne kawai, hoton kuma yana tafiya a miƙe da sauri iri ɗaya, kuma wannan gasa ce ta gwanayen duniya. A Suwidin, inda a ke farautar wani ƙaton nama mai rassan ƙaho wanda ya fi doki tsayi, tun 1985 sabon mafarauci ba ya samun lasisin bindiga sai ya ci jarrabawa. Gwajin harbin hoton wannan nama a guje daga mita 80 a ke yinsa, alhali makasarsa ta ninka ta barewa nesa ba kusa ba. Dokarsu kuma ta wajabta a tanadi kare mai horon bin sawun nama mai rauni, wanda za a iya kawowa wurin cikin awa 2. A Norwe mai farautar manyan namu sai ya sake gwaji kowace shekara, ya yi harbin koyo 30, sa'an nan ya zuba harsashi 5 cikin da'ira mai faɗin santimita 30 daga mita 100, hoton kuma a tsaye ya ke. A Amurka, ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta bayyana ra'ayinta cewa in nufin mutum shi ne ya ga iyakar nisan da zai iya samun dabba maimakon ya yi ƙoƙarin kusantarta, to, ya fita daga farauta ya shiga wasan harbi. Wanda zai kafa hujja da Turawa ya ɗauko har da jarrabawarsu da karensu da gajeren nisansu.

Wani zai ce to, zabi da fakara da dinya fa, ai a sama a ke harbinsu. Wannan aiki ne na bindiga mai watsa ƙananan ƙwayoyi masu yawa, wadda aka ƙera musamman domin abu mai tashi, kuma iyakarta yadi 30 zuwa 40. A wannan nisa ba mu da ja. Amma wanda ya harbi garken dinya da ya yi sama ƙwarai, ya bar rabinsu da ƙwaya a jiki suna tafiya, shi ma ya faɗa cikin laifin da mu ke magana.

Wani zai ce zamani ya sake, yanzu akwai na'urar da ke faɗin nisa daidai, da wadda ke auna iska, da madubin da ke kawo nama kamar a taɓa. Mun yarda, waɗannan sun rage kuskuren nisa ƙwarai, kuma a filin gwaji gwanaye suna samun faranti daga nisa mai ban mamaki. Amma faranti ba ya taki. Ba na'urar da ke rage lokacin da harsashi ya ke ɗauka a hanya, ba kuma wadda ta san ko barewa za ta karkata cikin wannan lokaci. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wuri biyu ne mu ke ganin harbin nama a guje ya zama dole. Na ɗaya, in an riga an raunata shi yana neman tserewa, nan kam a bi shi da harbi muddin bayansa ba kowa, domin ƙarasa shi jinƙai ne. Na biyu, in ya taso wa mutum, wannan kare rai ne, kuma a kusa a ke yinsa. Amma a lura, duka biyu yawanci mugun harbin farko ne ke haifar da su.

Talakan maharbi da ke ciyar da iyali da bindigar toka ba shi ne abin zarginmu ba. Shi ya san kuɗin albarushi, ba ya zubar da shi a iska. Masu wannan hali galibi mu ne, masu albashi da masu hali, waɗanda ke da kuɗin harsashi amma ba su da haƙurin sanɗa.

Nama Ya Yi Kaɗan

Da a ce dawa cike ta ke kamar da, da sai a ce asarar gwanki guda ba kome. Amma dattawan kowane gari suna iya nuna maka fadamar da a ke ganin mariya da kanki suna yara, yau ko sawu babu. Tun 1933 aka ƙulla yarjejeniya a London a kan kiyaye namun dajin Afirka, wadda ta hana farauta da mota ko jirgin sama. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, aka kuma yi dokar namun daji a 1963. Duk da haka mariri, farin naman nan na bakin Sahara mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu, wanda Buzaye ke yin garkuwa da fatarsa, kora da mota da harbi da sababbin bindigogi, tare da fari, suka ƙarar da shi, har a shekarar 2000 aka ba da sanarwar babu sauransa a daji. Sai a 2016 aka kawo waɗanda aka kiwata a tsare aka sake su a ƙasar Cadi. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai a Nijar, sun ragu har saura 49 a 1996, da aka tsare su suka haura 600. Wannan ya nuna dawa tana farfaɗowa in an ɗaga mata hannu.

Lasisi yana ƙidaya abin da mutum ya ɗauko ne. Wanda ya raunata uku kafin ya kayar da ɗaya, a takarda guda ya kashe, a daji kuwa huɗu.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Ga malaman makaranta, lissafin da muka kawo a sama bai fi ƙarfin yaran manyan azuzuwa ba. A ba su shi a darasin sauri da lokaci da nisa, su fitar da ƙafa 18 ɗin nan da hannunsu, sa'an nan a fita fili a auna ta da igiya su gani. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne da maharba, za su kai labari gida. A kuma gayyato Sarkin Baka ko wani tsohon maharbi ya nuna musu yadda a ke karanta sawu da iska, kafin wannan ilmi ya bi masu shi kabari.

Ga ma'aikatan hukuma waɗanda takardun bindiga da na farauta ke bi ta hannunsu, muna ganin lokaci ya yi da za a nemi mai son lasisi ya nuna iya harbinsa a fili kafin a sa masa hannu, kamar yadda a ke gwada direba. Hakimai da dagatai kuma su sa ido a kan baƙin da ke shigowa dajinsu da mota, su haɗa su da ɗan gari wanda ya san inda mutane da dabbobi su ke.

Ga shi mai bindiga, ga shawara mai sauƙi. Ka kafa faifai mai faɗin inci 8 a gindin tudu, ka ja da baya, ka yi harbi yadda za ka yi a daji. Nisan da ka ke samunsa sau 9 cikin 10, nan ne iyakarka, kome tsadar madubinka. Ka jira nama ya tsaya ya ba ka gefe. Ka dubi abin da ke bayansa kafin ka sa yatsa a kunama. In ka harba, ko kana zaton ka kuskure, ka taka ka je ka duba. In kuwa ya tashi a guje tun ba ka shirya ba, ka sauke bindiga ka bar shi, gobe ma rana ce, kuma ba a taɓa cin mutum tara don ya komo gida da harsashinsa ba.

Muna fatan waɗanda suka fi mu sanin dawa za su rubuto wa Edita ra'ayinsu, ko sun yarda da mu ko ba su yarda ba. Allah ya kiyaye mu daga ɗaukar alhakin mai baki da marar baki, amin.